Abin Da Tabon Bango Ya Ke Gaya Wa Maigida

 

Yau za mu yi magana a kan wani abu da kowa ya saba gani, amma ba kowa ya kan tsaya ya duba shi ba, watau tabo da zane-zanen da kan fito a jikin bangon gida daga waje bayan an yi masa yaɓe. Za mu ɗauki misalanmu daga cikin birnin Kano, gama da yawa daga cikinku ku kan je can cin rani, waɗansu ma su kan yi aikin lebura a wurin magina. Irin ginin da a ke yi a birni kuwa, shi ne a ke kwaikwaya a ƙauye bayan 'yan shekaru. Abin da ya sami bangon birni yau, zai sami na ƙauye gobe.

In mutum ya shiga ta Ƙofar Mata da safe, bayan an kwana ana ruwa, ya bi lungunan Yakasai ko ya gangara wajen Kasuwar Kurmi, zai ga abin mamaki. Ga bango an shafe shi sumul da siminti, har an yi masa fenti, amma ga zanen bulo ya fito a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya iya ƙirga su. In rana ta ɗaga sai zanen ya ɓace. Gobe in an sake ruwa ya komo. Bayan shekara biyu ko uku sai ya zauna daram, ya ƙi tafiya.

Kwanakin baya mun zauna a zauren wani dattijo a cikin birni. Ya ce mana, "Malam, ni fa wannan bango ya dame ni. Sau uku ina saye masa fenti, sau uku abin nan yana fitowa. Har uwargidana ta fara cewa ko hannu aka sa mana." Muka ce masa, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, zo mu duba tare." Da muka zagaya bayan gidan sai muka tarar indararonsa ya karye tun bara, ruwan soro duka jikin bangon ya ke bi. Kuɗin fenti uku ya tafi banza, alhali kuwa sabon indararo bai kai kuɗin gwangwani ɗaya ba.

Ba Hausawa kaɗai abin nan ya kan ba mamaki ba. Maginan Ingila ma da sunan fatalwa su ke kiransa a harshensu, don ya kan bayyana ya ɓace. Amma su da mu duka, in an bincika, dalilin ɗaya ne: ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, bango ma ba ya tabo banza. Kowane tabo yana nuna hanyar da ruwa ya bi. Ku da ku ke koyon karatu, yadda ku ka koyi rarrabe baƙi da baƙi a kan allo, haka za ku koyi rarrabe tabo da tabo a jikin bango. Iri huɗu ne za mu ambata.

1. Zanen bulo ko na tubali

Wannan shi ne wanda mu ka fara faɗa. Ga yadda ya ke faruwa. Bango ba abu ɗaya ba ne. Akwai bulo, akwai kuma kwaɓin da aka sa tsakanin bulo da bulo don ya riƙe su. Waɗannan biyu ba su shan ruwa daidai. Kowa ya iya gwadawa: ka sami bangon da ba a shafe ba, ka yayyafa masa ruwa da tsintsiya, ka tsaya ka duba. Za ka ga wani wuri ya tsotse ruwan nan da nan, wani wuri kuwa ya daɗe da danshi.

To, ran da birkila ya zo yin filasta, in bai jiƙa bangon ba, sai wurin nan mai ƙishirwa ya zuƙe ruwan da ke cikin kwaɓin tun siminti bai kama ba. Filastar da ke kan bulo ta bushe da launi dabam, wadda ke kan haɗin bulo ta bushe da launi dabam. In kuma filastar ba ta da kauri, shafi ɗaya ne kurum aka yi don a rage kuɗi, to, ba abin da zai ɓoye bambancin nan. Kamar mutum ne ya sa riga shara-shara a kan mai zane.

Daga baya kuma duk sa'ad da aka yi ruwa, ko raɓa ta sauka da kaka, wurin da ya fi daɗewa da danshi shi ya kan fi kama ƙura. Hunturu ya zo da ƙurarsa ya ƙara. Damina ta komo, gansakuka ta tsiro a wurin. Da haka zanen da ya kan ɓace da hantsi ya zama na dindindin. Haka nan ginshiƙin kankare da lintar da ke kan ƙofa da taga su kan fito, gama kankare ya fi bulo tauri, ba ya shan ruwa kamarsa, ba ya kuma ɗaukar zafin rana daidai da shi.

A bangon ƙasa ma a kan ga irin wannan. In yaɓe ya zaizaye, sai siffar tubali ta fito, jeri bisa jeri, kamar an jera gwanda. Wannan yana nuna yaɓen ya ƙare, ruwa ya kai ga ƙashin ginin.

A cikin tabon nan huɗu, zanen bulo shi ne mai sauƙi. Muni ne da shi, amma shi kaɗai ba ya ka da gida. Sai dai yana faɗa mana filastar ba ta da kauri, ba za ta daɗe tana tsare ruwa ba.

2. Baƙin zane mai saukowa daga sama

Wannan ya kan faro daga kan bango ya gangaro ƙasa, kamar an zubar da tawada. Ka bi shi da ido har sama, za ka ga inda ya fito: ko indararo ya karye, ko ya toshe da ganye da leda, ko ya yi gajarta har ruwansa yana komowa jikin bango, ko rawanin soro ya tsage, ko kuwa kwanon rufi bai fito waje sosai ba. Ƙarƙashin taga ma a kan gan shi, in ba a yi wa dandamalin tagar baki mai ɗigar da ruwa nesa da bango ba.

Ku tuna, a ƙasarmu hadari daga gabas ya kan taso, da iska mai ƙarfi. Saboda haka bangon gabas shi ya fi shan dukan ruwa, shi ya kamata a fara dubawa. Ƙasar Kano ta kan sami ruwa wajen inci 30 ko fiye a shekara, mafi yawansa kuwa cikin watan Yuli da Agusta ya ke sauka. Soron da faɗinsa da tsawonsa ƙafa 12 ne kowanne, in aka yi ruwa na inci 1 kurum, abin da ya sauka a kansa ya fi lita 300, watau ya fi cikin duro ɗaya da rabi. Ku duba fa, in ruwan nan duka ya bi jikin bango wuri ɗaya, dare bayan dare, ina bangon zai kai?

3. Tabon gindin bango

Wannan shi ne mugun. Ya kan faro daga ƙasa ya hau, yawanci ƙafa 2 ko 3, bakinsa na sama a karkace kamar bakin kududdufi. Sau da yawa za a ga wani farin gari a bakin nan, fenti yana kumbura, filasta tana marmashewa in an taɓa.

Yaya ruwa zai hau sama? Ku dubi lagwanin fitila. Gindinsa ne kaɗai cikin kananzir, amma man ya kan hau har kai. Ko ku tsoma gefen ƙwayar sukari cikin shayi, ku ga yadda shayin zai haye ta. Haka bango ya ke tsotsar danshin ƙasa ta ƙananan kafofin da ido ba ya gani. Ruwan nan kuwa ba shi zuwa shi kaɗai, da gishiri da kanwar ƙasa ya ke tafe. Sa'ad da ya kai fuskar bango, rana ta busar da shi, gishirin ya tsaya. Gishirin nan in yana daskarewa ya kan ture abin da ke kewaye da shi, shi ya sa filasta ta kan ɓare, ƙasar bango ta zama gari.

Ina danshin nan ya ke fitowa? Daga kwatar da ta bi gindin bango. Daga makewayi da wurin wanke-wanke. Daga salgar da aka haƙa dab da gini. Daga turken awaki da tumaki da aka kafa jikin katanga, da kuma masu tsayawa su yi fitsari a lungu, gama fitsari gishiri gare shi ƙwarai. Akwai kuma wani dalili da ya shafi birni musamman. Dā kowace unguwa da kududdufinta, inda aka haƙi ƙasar gini, can ruwan sama ya kan taru. An cike da yawa daga cikinsu da shara, an yi gidaje a kai. Hanyoyin ruwa masu gangarawa rafin Jakara su kan toshe da bola. Titi da lungu kuma suna ta tudu saboda ciko, har waɗansu tsofaffin gidaje sai an gangara a ke shiga zaurensu. Ruwan da bai sami hanya ba, gindin bangon mutane ya kan kwanta.

Abin da ya sa mu ka ce mugu ne, nauyin gida duka a kan gindin bango ya ke. Tubali in ya bushe da ƙarfinsa, in ya jiƙe ya koma laka. Kusan kowace damina, cikin marka, mu kan ji labarin ɗaki ya faɗa wa mutane da dare suna barci. Dattawan Kano ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa su ka rushe saboda yawan ruwa. Mutuwa da rayuwa na hannun Allah. Amma mafi yawan bangon da ya faɗi, ya daɗe yana nuna alama, ba a kula ba.

4. Tabo mai faɗi a bangon ƙasa da aka shafe da siminti

Wannan ya kan fito a tsakiyar bango, ba siffa gare shi ba, kamar taswira. Ka ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa ko da ƙotar fartanya. In ka ji yana amsawa kamar ganga, to, simintin ya rabu da ƙasar da ke bayansa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, gama mutane da yawa sun yi hasarar dukiya ta wannan hanya, da kyakkyawar niyya. Siminti baƙo ne a ƙasarmu. Wani birkila mutumin Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irinsa a 1824. A Nijeriya an fara yinsa a Nkalagu a 1957, a Arewa kuwa masana'antar Sakkwato ta fara aiki a 1967. Da ya yawaita, sai mutanen birni su ka ga ga hanyar hutawa da yaɓen kowace shekara: a shafe bangon ƙasa da siminti sau ɗaya, shi ke nan.

Amma ƙasa da siminti ba halinsu ɗaya ba. Bangon ƙasa kamar randa ya ke. Ya kan sha danshi, ya kuma fitar da shi ta jikinsa in iska ta buga. Ya kan ɗan kumbura da damina, ya tsuke da rani. Siminti kuwa tauri gare shi, ba ya bin ƙasa in ta motsa, sai ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, don simintin ya rufe shi kamar an sa wa mutum rigar leda da bazara. Ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta samu wurin zama, daga waje kuwa bango yana nan sumul. Ran da abin ya kai maƙura, sai filastar ta zube falle guda, ko bangon ya bi ta.

Yadda mutanen dā su ka yi

Kada wani ya ce ginin ƙasa ne ba shi da ƙarko. Ganuwar Kano, tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Gidan Makama da Gidan Rumfa tun zamanin Muhammadu Rumfa su ke, 1463 zuwa 1499. Abin da ya riƙe irin waɗannan gine-gine shi ne gyara a kan kari, da yaɓen da ya dace da ƙasa. Inda aka daina gyara kuwa, kamar wurare da yawa na ganuwa, kowa ya ga yadda ta zube.

Maginan birni suna da yaɓe iri-iri. Akwai makuba, wadda a ke samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwanta. Ta kan sa yaɓe ya yi duhu-duhu, ruwa ya zame a kansa, amma tana son sabuntawa bayan shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma laso, wanda ya fi ta ƙarko. Da katsi a ke yinsa, watau dagwalon da ya kan kwanta a gindin rijiyar rini, irin na karofin Ƙofar Mata da a ke cewa an kafa shi tun 1498. A kwashe katsin, a shanya, a ƙone, a daka, a gauraya da gashin awaki daga majema, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi a ke shafe cikin rijiyoyin rinin kansu, da kan soro, da rawani, da bakin indararo. Ku lura, marini da majemi da magini kowa yana cin moriyar ɗan'uwansa, ba abin da a ke zubarwa.

Sun kuma san maganin gindin bango. Su kan fara gini da kauri a ƙasa, yana raguwa yana hawa. Su kan yi dakali a ƙofar gida. Dakali wurin hira ne, gaskiya, amma yana tsare gindin bango daga ruwan lungu da fantsamar indararo. Har yanzu a garin Jenne na ƙasar Mali, inda aka sake gina babban masallacinsu na ƙasa a 1907, mutanen gari su kan fito kowace shekara, babba da yaro, su yaɓe shi gaba ɗaya. Gayya ke nan irin tamu.

Magani

Doka ta fari ita ce: a tsare ruwa tukuna, sa'an nan a gyara tabo. Wanda ya yi fenti a kan bango mai danshi, kamar wanda ya ɗaura tsumma ne a kan gyambo bai wanke ba.

Kafin a kira magini, maigida da kansa zai iya bincike, kuma a nan karatunku zai yi amfani. Ka ɗauki gawayi ko alli, ka zagaye bakin tabon, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako biyu ka komo. In tabon ya ƙetare zanenka, ruwa yana kan shiga. In akwai tsaga, ka liƙa mata ɗan kwaɓi siriri a gicciye, ka rubuta kwanan wata. In liƙin ya tsage, to, bangon yana motsi, a nemo magini mai ido ba da jinkiri ba.

Ga tabo mai saukowa daga sama: a gyara indararo, a sa mai tsawon da zai zubar da ruwa nesa da bango, a liƙe wuyansa sosai inda ya shiga rawani. Inda ruwansa ya ke sauka a ƙasa a jera duwatsu, a yi masa hanya zuwa kwata. A hau soro a share shi kafin ruwan fari, a toshe kowace tsaga.

Ga tabon gindin bango: a kawar da turken dabbobi daga jikin katanga. A janye kwata, ko a gina ta da siminti don kada ta yi yoyo. A cika ƙasa a gindin bango ta yadda za ta gangara waje. Kada a haƙa salga kusa da gini. Farin garin nan kuwa kada a wanke shi da ruwa, gama ruwa zai narkar da shi ya mai da shi cikin bango. A goge shi a bushe da buroshi ko tsintsiya, a kwashe a zubar nesa. A ɓamɓare filastar da ta lalace har a wuce bakin tabon da wajen ƙafa 1, a bar bangon ya sha iskar rani, sa'an nan a sake. In gindin bangon ƙasa ya riga ya zaizaye, kada a sare shi gaba ɗaya. A gyara kamu ɗaya ko biyu, a bari ya bushe, sa'an nan a matsa gaba. Mai sabon gini kuwa, tun ran gini ran zane: ya shimfiɗa leda mai kauri ko ya shafa kwalta a kan harsashi kafin bango ya hau, don danshi ya rasa hanyar hawa.

Ga bangon ƙasa: ƙasa ita ce abokiyar ƙasa. A yaɓe shi da ƙasa mai kyau wadda aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa kwanaki, a bi da makuba, ko laso in an sami mai iya shi. In ana son haske a shafa farar ƙasa, gama ita ba ta hana bango fitar da danshi. Inda siminti ya riga ya yi ganga, a ɓamɓare shi da rani, da hankali, kada a jira ya faɗo wa yaro.

Ga zanen bulo, rigakafi ya fi magani, ga kuwa ƙa'idodinsa. A bar bulo ya ƙosa kafin a yi gini da shi: a yi ta ba shi ruwa kwana 7, siminti kuwa sai ya yi kwana 28 ya kan kai cikakken ƙarfinsa. A cika haɗin bulo da kwaɓi sosai, kada a bar rami. A jiƙa bango tun da daren jiya, a ƙara da safe, ya yi danshi amma kada ya riƙa ɗiga. A yi amfani da yashi mai tsabta, wanda in an damƙe shi da jiƙa ba ya ɓata hannu da laka. A yi shafi biyu. Na fari awo 1 na siminti da awo 5 na yashi, kaurinsa wajen rabin inci, a kakkarce fuskarsa don na biyu ya sami wurin kamawa. A bar shi 'yan kwanaki ana yayyafa masa ruwa. Na biyu awo 1 da awo 6, ya fi na fari siranta. Kada na biyu ya fi na fari ƙarfi. A auna da kwano ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kada yau da kwano gobe da shebur, don launi ya zama ɗaya. Inda kankare ya haɗu da bulo a kafa ragar waya kafin a shafe. Kada a yi filasta da tsakar rana a bangon da rana ke duka, ko ran da iskar hunturu ta tsananta. Bayan an gama a yi ta ba ta ruwa safe da yamma har mako guda, a kuma jira wata ɗaya ko fiye kafin fenti.

In zanen ya riga ya fito, kuma filastar tana riƙe gam, ba ta amsa ganga, to, da sauƙi. A goge gansakuka da ƙura da rani, a ƙara shafi ɗaya a kai, a bar shi ya bushe, sa'an nan a yi fenti.

Mun sani wani zai ce shafi biyu kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. Ku da ku ka fara lissafi, ku ɗauki fensir ku tara kuɗin fenti sau uku, ku gwada shi da kuɗin ƙarin siminti da yashi sau ɗaya, ku ga wanda ya fi. Kuma ku da ku ke aikin lebura, in kun san waɗannan ƙa'idodi, ba za ku daɗe kuna ɗaukar kwano ba, gama maigida ya kan riƙe yaron da ya san dalilin aiki.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi girma. In da damina ku ka ga gindin bangon ɗakin kwana ya jiƙe har ciki, ko bango ya yi ciki ya turo waje, ko tsaga tana buɗewa, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, ko ƙofa ta soma ƙin rufuwa, to, kada kowa ya kwana a ɗakin nan. A kwashe yara da tsofaffi zuwa wani ɗaki ko gidan maƙwabci. Kunyar roƙon masauki ta kwana biyu ce.

Lokacin duba bango shi ne da kaka, sa'ad da tabon damina bai ɓace ba. Lokacin gyara kuwa da rani ne, a gama kafin hadarin fari. Aikin da mu ke ba ku wannan mako shi ne, kowa ya zagaya gidansa, ya fara da bangon gabas, ya rubuta a littafinsa irin tabon da ya gani da wurin da ya gan shi. Ran da mu ka sake haɗuwa kowa ya karanta mana nasa, mu yi shawara tare. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Tambayoyi

1. Me ya kan sa zanen bulo ya fito a jikin filasta?
2. Wane bango ya fi shan dukan ruwa a ƙasarmu, don me?
3. Don me ba a wanke farin garin gindin bango da ruwa?
4. Faɗi abubuwa uku da a ke haɗa laso da su.
5. Waɗanne alamu ne in an gani ba a kwana a ɗaki?